An Ce Ƙarfe Huɗu

Sanarwar guda ɗaya ce, kuma kowa da kunnensa ya ji ta. Gidan rediyon Rima ya karanta ta bayan labarai, jami'in alhazai na ƙaramar hukuma ya maimaita ta a waya, yaran gida suka yi ta tura ta a WhatsApp: maniyyatan ƙananan hukumomi kaza da kaza su hallara a sansanin alhazai gobe da ƙarfe huɗu na yamma, kowa da jakarsa ta hannu da katinsa na rigakafi. Babu kalma mai wuya a ciki. Amma je ka bakin sansanin ka samu wuri ka zauna, daga hantsin yau zuwa asubahin jibi, za ka rantse sanarwa ɗari biyar aka yi, kowa da tasa.

Sakkwato ba ta da teku. Gulbin Rima da na Sakkwato da ke haɗuwa a gefen gari, kwalekwale ne iyakarsu. A Miyami ko Basalona masu hali kan shiga ƙaton jirgin ruwa su yi mako guda suna shan iska a kan teku, kuma kafin su shiga sai sun sha gardama a kan ƙarfe nawa ya kamata a isa tasha: a yi sammako a sha layi, ko a yi jinkiri a shige salin-alin amma da fargabar tarar da ƙofa a rufe. Mu ma muna da wannan gardama. Tamu sau ɗaya take zuwa a shekara, a watan Zulƙida, lokacin jigilar alhazai daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, filin da ke ɗauke da sunan sarkin da ya yi shekara hamsin a kan gado, daga 1938 zuwa 1988, don haka wurin ya gaji haƙuri. Kuma tamu ta fi tasu zafi. Wanda jirgin shan iska ya bari, hutu ya rasa. Wanda jirgin Makka ya bari, gumin shekaru ne da rukunin Musulunci guda suka tashi sama yana kallo.

Abin da ya hana gardamar mutuwa shi ne, ƙarfe huɗun nan na sansani ne. Na jirgi kuwa babu mai iya dafa littafi a kansa. Saboda haka kowa sai ya ɗauki ƙarfe huɗu ya auna ta da abin da ya sani game da duniya, da kuma matsayin da ya ba kansa a cikinta.

Kana sammako, wani a tafe ya kwana. A sansanin alhazai wannan wanin dattijo ne daga wani ƙauye na Tangaza ko Gudu ko Sabon Birni. Shi bai ma jira sanarwa ba. Tun ranar da aka ce masa biza ta fito ya sa yadin alhazai a jiki, kuma ba shi da niyyar tuɓe shi sai a Madina. Bijimai ya sayar, da buhunan gero, da albasar fadama, kafin kuɗin kujera su cika, bayan ya sha kusa cikawa ana ce masa kujera ta ƙara kuɗi. Mutumin da ya biya kujera ta wannan hanya ba ya wasa da ita. Ya iso da kwana biyu a gaba, ya shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaron da ya fi kusa da ƙofa, ya jera buta, da 'yar rediyo, da ƙullin hoce, da goran fura. Rasidin biyan kuɗi da katin rigakafi suna cikin 'yar jaka a wuyansa, ƙarƙashin riga, kuma ko cikin barci hannunsa yana kai mata ziyara.

'Yan birni suna yi masa dariya, amma lissafinsa ba na wauta ba ne. Duk abin hawan da ya sani a rayuwarsa, daga motar kasuwar Illela zuwa ta Acida, cika ce ke tayar da shi. Mota ta cika ta tashi, wanda ya tafi shan shayi ya nemi ta gaba. In ka ce masa sunansa na cikin kwamfuta, babu mai zama a kujerarsa, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Ɗana, kwamfutag ga ta san ni? Ni dai in anka buɗe ƙohwa, ni ka hwara shiga." Ga shi kuma a 'yan shekarun nan hanyoyin gabashin jihar ba a bin su da magariba. Wanda zai fito daga Isa ko Sabon Birni, ran da hanya ta yi kyau yake fitowa, ko rediyo ta ce ko ba ta ce ba.

Kafin kwana biyu ya zama hukuma. Ya san famfon da ke kawo ruwa da wanda sai iska, ya san mai shayin da ba ya ha'inci a madara, ya san jami'in da ke amsa gaisuwa. Duk wanda ya sauko daga mota wurinsa yake fara nufa.

"Baba, an fara kira?"

"Ba a hwara ba. Zamna."

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya gaskata sanarwa. Yawanci ma'aikaci ne, ko malami a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mutumin da ya taɓa zuwa taro a ƙasar waje ya ga jirgi ya ɗaga a mintin da aka rubuta, abin kuma ya zauna masa a rai. An ce ƙarfe huɗu, huɗu saura kwata yana bakin ƙofa, takardu a jere cikin fayil, jaka ya auna ta tun a gida, kilo takwas cif. Ya sallami direba. Ƙarfe biyar yana tsaye, don a ganinsa zama amincewa ne da rashin tsari. Ƙarfe shida ya fara tambayar wane ne shugaba a nan. Bayan isha'i ya gama rubuta takardar koke a cikin kansa, har da waɗanda za a aika wa kwafi. Zafin Sakkwato kuwa ba ya karanta takarda. Jigilar 'yan shekarun nan a watan Mayu take faɗowa, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, kuma tunda shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kusan kwana 11, kowace shekara ƙara kutsawa take yi cikin tsakiyar bazara. Wajen ƙarfe ɗayan dare za ka same shi a gefen tabarmar dattijon Tangaza, ya cire takalmi, fayil ya zama mafici, yana gutsurar hoce, dattijo na ba shi baki.

Dattijon kuwa yana da abin ba da baki, don a gidajen ƙasar Sakkwato labarin tafiyar ƙasa bai gama mutuwa ba. Kafin jirgin sama, maniyyaci da ƙafa ko jaki yake fita, ya ratsa Kano da Barno, ya shiga Wadai da Darfur, ya tsallake Nilu, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Can ce tashar jirgin ruwan Basakkwace ta gaskiya. Tafiyar shekaru ce: mutum ya tsaya ya yi noma damina guda, ko ya yi ƙodago a gonakin audugar Jazira bayan an buɗe su a 1925, ya tara na gaba, ya ƙara matsawa. Ko mai hali irin Sarkin Katsina Dikko, da ya tafi a 1921, sai da jirgin ruwa ya zagaya da shi ta Ingila. Talakan da ya isa Sawakin bayan jirgin ƙarshe ya tashi, jiransa shekara ce cur. Wasu ma tafiyar ta zame musu zama. Jama'ar da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kai su bakin kogi kusa da Sannar a Sudan, garin da suka kafa yana nan har yau da sunansa. Shehu Usmanu kansa, wanda jami'ar malamin ke amsa sunansa, Allah bai nufe shi da zuwa ba. Duk wannan gaskiya ne, malamin ma ya fi dattijon sanin shekarun, amma bai rage masa gumi ko ɗigo ɗaya ba.

A daidai wannan lokaci, can cikin gari, tsohon hannu yana kishingiɗe a ɗakinsa fanka na kaɗawa. Ɗan kasuwa ne, ya je Makka har ya daina ƙirgawa, haƙorin Makkan da ke bakinsa har ya dushe. Shi ba ya tambayar ƙarfe nawa aka ce. Tambayarsa ɗaya ce, jirgin yana ina, kuma ita ce tambayar da ta dace. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, takan raba jihohi ne ga kamfanonin jirage 'yan ƙalilan, alhali kujerun da Saudiyya ta ware wa Najeriya sun kai 95,000 a 2023 da 2024. Jirgi guda zai kwashi mutane ya kai Madina, ya juyo wayam, ya sauka wata jiha ya kwasa, ya sake juyowa. Zuwa kusan awa biyar, dawowa kusan biyar, ga shan mai, ga hutun matuƙa, ga jiran izinin sauka a can inda jiragen duniya duka suka yi cincirindo a makonni guda. Jinkirin awa uku da aka ci bashi a wani gari shekaranjiya, yau Sakkwato ce za ta biya shi, har da riba.

Tsohon hannu ya san duk wannan, kuma yana da ɗa mai waya wanda ya iya manhajar nan da ke nuna jirage suna rarrafe a kan taswira.

"Duba muna, ya taso?"

"Baba, har yanzu shina ƙasa Madina."

"To a zubo tuwo."

Lissafinsa a baya-baya yake yin sa. In jirgi ya taso, awa biyar. Kafin a tantance mutum ɗari huɗu ko biyar, wasu awowin. Daga gidansa a Mabera zuwa sansani, abin da bai kai rabin awa ba. Yakan shigo wankansa fes, yana ƙamshin turare, daidai lokacin da jami'i ke gwada lasifika, ya ratsa mutanen da suka kwana a ƙasa yana cewa "sannunku da haƙuri", gaisuwar da ta fi zagi ciwo.

Sai dai manhaja jirgin da aka nuna mata take bi. Ran da aka sauya jirgi, aka turo wani daga Kano ko Abuja, tafiyar awa guda, yaro na nan yana gadin wanda ke kwance a Madina, Alhaji na tsakiyar loma, sai a ji rugugi a sama. Duk Sakkwato babu kunnen da ya san ƙarar babban jirgi irin nasa. An sha ganin irinsa a bayan kabu-kabu, babbar riga na tashi, jaka a ka, miyar kuka a yatsa, yana lallashin yaron da bai kai jikansa ba: "Yi haƙuri ɗana, ƙara wuta."

Ƙaninsa a dabara, ba a sani ba, shi ne mai mutum a ciki. "Ina da yaro wurin." In ka bi diddigi, yaron ba na hukuma ba ne, ba na filin jirgi ba. Ƙanin matar maƙwabcinsa ne da ke sayar da ruwan leda a bakin ƙofa, aka damƙa masa amana: in ka ga an fara shiga mota, yi mini filashin. Abin da mai mutum a ciki bai sani ba, mutum goma ne suka ba yaron wannan amana, wayarsa kuma tun la'asar take neman caji. Akwai wanda mutuminsa na gaske ne, har da kati a wuya, amma shi ma a bakin mai shayi yake jin labari. Labarin sansani kuwa wutar kara ce. Wani ya hango fitila a sama, ya taɓa na kusa da shi, kafin minti biyar mata sun naɗe tabarmi, an tashi masu barci, an ja layi har bakin masallaci. Dattijon Tangaza kaɗai ne bai motsa ba, don dama shi a bakin ƙofa yake, kuma kwana biyu sun koya masa abin da manhaja ba ta sani ba. Ya ɗaga kai ya saurara, ya ce, "Wanga ƙarami na. Ku koma ku kwanta."

Tsakanin mai kwana a sansani da mai barci a gida akwai mai ƙafa biyu. Zuciyarsa ba ta yarda ya zauna a gida ba, jikinsa bai yarda ya zauna a sansani ba. Ya zo ƙarfe uku, ya nuna wa jami'i fuska, ya ajiye jaka da darduma wurin dattijo, ya ce yanzu zai dawo. Ya je gida wanka. Yana cikin wanka ya ji wata ƙara, ya fito da kumfa a kunne, ya dawo, ashe tirela ce. Ya tuna bai bar wa uwargida makullin ɗakin hatsi ba, ya koma. Ya dawo ya tuna makullin na aljihunsa har yanzu. Mai kabu-kabun da ya fara ɗaukarsa ya daina neman wasu fasinjoji, ya kafe babur a bakin ƙofa, don ya gane Allah ya kawo masa kasuwar dare. A duk sansanin shi ya fi kowa gajiya, kuma shi ne ba ya nan a daidai lokacin da aka kira sunansa. Sai ka ji jama'a sun ɗauka baki ɗaya: "Shina nan! Yanzun ga yaf fita! Ga jakatai!"

Hajiya kuwa, wadda aka fara kira Hajiya tun ranar da ta kai kuɗi banki, ba ta yanke shawarar makara ba. A niyyarta tun azahar za ta fita. Amma ba a tafiya Makka da haƙƙin mutane a ka, ita kuma ta shekara hamsin tana zaune da mutane. Sai ta shiga gidan yayarta a Kanwuri ta nemi gafara, a yi kuka. Ta shiga gidan kishiyar marigayiya uwarta, a yi kuka. Ta biya Hubbaren Shehu ta yi ziyara. Ta tsaya gidan matar da suka ɓata a kan kuɗin adashe shekara bakwai da suka wuce, wadda ita ce ma ainihin dalilin fitar, kuma nan zaman ya fi tsawo, don sai an sake bin lissafin adashen tun daga zubin farko kafin a yafe. Kowane gida da saƙonsa. Wannan a roƙa mata haihuwa, wannan a roƙa wa ɗiyarta miji na gari, wannan ɗanta ya gama karatu ba aiki. Kowace addu'a kuma tana tafe da 'yar rakiya: "In kin ga irin abayag ga mai duwatsu, Hajiya, ko baƙa ko ruwan toka, ni ban da zaɓi."

Sannan ga jaka. An ce kilo takwas. A wurin bita an faɗa, an maimaita, malamin bita har da ɗaga jakar sama kowa ya gani. Hajiya ta ji kuma ta yarda, sai dai ba ta ɗauka kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa da garin kunu suna cikin abin da ake aunawa ba, tunda su abinci ne. Waɗanda suka riga ta zuwa sun gaya mata girkin can ba ya jin yaji, ita kuwa ba za ta yi ibadar wata guda da baki salam ba. Ana ɗaure jaka ana kwancewa. 'Yarta 'yar boko tana fitar da ƙulli, ita tana mayarwa in an juya baya. Goro kuma, wanda Saudiyya ta hana shiga da shi, hukuma ke ta gargaɗi a kansa kowace shekara, akwai wata tsohuwa a gidan da ta san dabara bakwai ta ɓoye shi. Masu bincike a filin jirgi sun san takwas.

Ƙarfe tara na dare ayarinta zai iso, mota uku da Keke biyu, mutum ashirin da wani abu, mai tafiya ɗaya. Abin da zai ƙona ran malamin jami'a, wanda ke kallon saukowarta daga kan tabarma, shi ne ba ta rasa komai ba.

"Ba mu makara ba dai ko?"

"Hajiya, zamna."

Akwai mai tawakkali, wanda ba shi da lissafi ko na anini. In an ce ya yi sauri sai ya ce wanda Allah ya kira babu jirgin da ke barinsa, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ba a ja da shi, don ta inda ya ɓullo ba a ja. Matarsa ce dai ke kiran mai Keke a ɓoye, ta sa jaka a ciki, ta leƙo ta ce masa ana sallama a waje.

In kiran gaskiya ya zo, yawanci a lokacin da kowa ya fid da rai yake zuwa. Jami'i ya hau benci da lasifika da takarda, muryarsa ta riga ta dushe. Ya ce Bello, mutum bakwai su miƙe. Ya ce Abubakar, rabin maza su amsa. Sai ya haɗa da sunan uba da na gari sannan shida su koma su zauna suna gunaguni. A nan ne ake gane cewa takarda ba ta san wanda ya riga wani zuwa ba. Yadda aka jera sunaye tun a ofis haka ake kira. Tsohon hannu, mai ƙamshin turare, yana cikin goman farko. Malamin jami'a yana tsakiya. Dattijon da ya kwana biyu a bakin ƙofa sai ya matsa gefe yana ba mutane hanya, ɗari ta wuce, ɗari biyu ta wuce, hannunsa a kan 'yar jakar wuya. In an kai kansa yakan amsa da ƙarfin da zai tashi na bayan katanga, ya karɓi fasfo da hannu biyu. Ka ce masa, Baba, ka ga sammakon bai yi rana ba, sai ya ce, "Ina ciki ko ba ni ciki?"

Babban mutum ba ya zuwa sansani, sansani wurin jama'a ne. Jakarsa ta zo tun da rana a hannun yaro, takardunsa na hannun wani yaron, akwai kuma na uku wanda aikinsa kawai ya tsaya kusa da jami'ai yana cewa a waya, "Ranka shi daɗe, tukuna." Ya yi imani jirgi ba ya tashi ya bar irinsa, kuma abin haushin shi ne wani lokaci gaskiyarsa ce. Mutane sun zauna, an ɗaura bel, masu hidima sun ƙirga kai sun sake ƙirgawa, zafi ya fara dafa tsofaffi, sai ga shi yana ɗaga hannu hagu da dama, yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba. Ban cika sa shi a rai ba, don na san abin da ke gabansa. Awa biyar daga nan akwai wani saurayin Balarabe a bayan gilashi, wanda bai taɓa jin sunan sarautarsa ba, da zai nuna masa ƙarshen layi da yatsa ɗaya, ko ɗago kai bai yi ba.

Wanda nake da magana da shi shi ne mai ɓuya. Ya ji sanarwa sarai, sunansa na sahun farko, ya kashe waya. Hujjarsa, in ya tafi yanzu sai ya yi mako uku ko huɗu a can kafin Arfa, guzuri ya ƙare a shayi da tsaraba, shago kuma yana hannun yaran da bai gama yarda da su ba. Ko kuwa ruwan shuka ya kusa, yana so ya ga iri a ƙasa. Don haka zai laɓe sai jirgin ƙarshe. Jami'in ƙaramar hukumarsa ya kira har ya gaji, ya aika gida, a ce ya ɗan fita. Gurbin da ya bari kuwa ba ya cika kansa. Ko a tsaya neman wanda zai maye shi a sake takardu, ko jirgi ya ɗaga da kujera wayam, kuma ko wanne aka yi mutanen kan tabarma ne ke biya da zamansu. Wani jinkirin da ake tsine wa jirgi a kai, jirgin na nan a ajiye, mutane ne ba su cika ba.

Caca yake yi, kuma da abin da ba nasa shi kaɗai ba. Saudiyya takan rufe karɓar jiragen alhazai a farkon Zulhajji, 'yan kwanaki kafin Arfa, wannan ƙofar kuwa ba ta san babban mutum ba balle mai shago. A 2022, shekarar da baƙi suka koma aikin Hajji bayan korona ta hana su shekara biyu, an yi rububin jiragen ƙarshe, kuma akwai maniyyatan Najeriya da suka biya kuɗinsu cif, ba su ɓuya wa kowa ba, aka rufe suna ƙasa. Mai ɓuya ya ji labarin, ya ce Allah ya kiyaye, ya sake kashe waya. Ya kuma manta da ƙa'idar dawowa, cewa wanda ya fara tafiya shi ke fara dawowa. Bayan Arfa dattijon Tangaza na ƙofar gidansa yana raba dabino da zamzam, shi yana Makka yana juya riyal ɗin da suka rage a tafin hannu, yana kiran jami'in nan da ya wahalar, yana tambaya yaushe ne jirginsu. Jami'in kuwa ɗan Adam ne, yakan bar wayar ta ɗan yi ƙara.

'Yan rakiya ba su da matsalar lokaci. Sun riga kowa zuwa, su ne na ƙarshen watsewa. Ba a barinsu shiga, sai su kafa nasu sansanin a waje tare da masu tsire, da masu canjin riyal, da masu sayar da carbi da silifa da bel ɗin harami. A cikinsu akwai wanda ba ya rakiyar kowa. Kowace shekara yakan zo, ya jingina da wayar shinge ya ga tashin jirgi, ya ce "Allah shi kai mu", ya hau kekensa ya koma gida. Shi kam ban iya yi masa dariya.

Amma rakiyar ce ke haifar da mutumin da bai zaɓi halinsa ba, wato alhajin da aka riga aka sallama. Ya yi komai a kan ƙa'ida. An yi addu'a a ƙofar gida, liman ya shafa, mata sun yi kuka, ya raba wa yara kuɗin sallama, a cikin zafin imani har ya yafe wa mutum biyu bashi, ayari ya kai shi sansani ya juya. Tsakar dare sai a fito da lasifika a ce a yi haƙuri, tashi ya koma jibi, wanda ke cikin gari yana iya zuwa gida ya huta. Na ƙauye ba ruwansu, gyara kwanciya kawai suke yi. Na cikin gari ne ke shiga uku. Ya koma unguwa da wace fuska? Kukan da aka yi fa, a mayar wa masu shi? In ya koma, jibi sai an sake sabuwar sallama, kowa kuma ya san kuka na biyu ba ya kai na farko. Na uku ma daga cikin ɗaki ake ɗaga murya a ce a sauka lafiya.

Shi ya sa da yawa ba sa komawa. Sai ya kira wani amininsa a Arkilla ko Gidan Igwai, nesa da unguwarsu, ya ce a buɗe masa ɗakin baƙi, kada a gaya wa kowa. Uwargida kaɗai ta sani. Ita ke aiko da tuwo a kabu-kabu bayan magariba, tana ce wa maƙwabta ai sun yi waya, yana lafiya, ya ce a gaida kowa, wanda duk ba ƙarya ba ne. Kwana ɗaya lafiya lau. Rana ta biyu zaman ɗaki ya ishe shi, ga shi bai dace mai niyyar Hajji ya yi salla shi kaɗai ba alhali ana tayar da jam'i a bayan katanga. Ya ja hula ta rufe goshi, ya lallaɓa sahun baya. Ana sallamewa ya juya dama, sai ga ɗaya daga cikin mutum biyun da ya yafe wa bashi, ya zo unguwar ɗaurin aure.

Mutumin ya dube shi, ya dubi yadin alhazai, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Alhaji! Har an dawo? Kai, jirgin zamani! To ina dabinonmu?"

"Ba mu tahi ba tukuna. Sai gobe, in Allah ya so."

Mutumin ya yi shiru, bai saki hannun ba.

"To Alhaji, maganar kuɗin nan hwa, tana nan yadda kac ce ko?"